Daga Legas Zuwa Atlanta: Nisa da Tsawon Lokacin Tafiya a Jirgin Sama

Gabatarwa

A cikin 'yan shekarun nan iyalai da dama sun sami kansu cikin sha'anin tafiya mai nisa. Wani ɗansa ne ya sami gurbin karatu a ƙasar waje, wata 'yarta ce ta haihu a Amurka ana bukatar ta je ta taimaka da jego, wani kuma aiki ne ko neman magani ya kai shi. Sa'ad da irin wannan tafiya ta taso, tambayar farko da akan yi a gida ita ce, "Awa nawa ne?" Tambayar gajeriya ce, amma amsarta ba ɗaya ba ce. Rashin gane haka ya sa wasu sun isa filin jirgi bayan jirginsu ya tashi, kuɗin tikitin da aka daɗe ana tarawa ya salwanta. Wasu tsofaffi kuma sun sauka a baƙuwar ƙasa babu mai taryarsu, domin an faɗa wa 'yan'uwa lokacin da ba shi ba.

Wannan darasi zai ɗauki hanya guda ɗaya a matsayin misali, wato daga Legas zuwa Atlanta, babban birnin jihar Jojiya a Amurka. Kamfanin Delta ya fara jigila kai tsaye tsakanin biranen biyu a watan Disamba 2007, filin jirgin Atlanta kuwa yana cikin waɗanda suka fi kowanne yawan fasinjoji a duniya. Za a duba tafiyar ta fuska biyar: nisanta, awannin da jirgi yake yi a sama, abin da agogo yake nunawa, lokacin da matafiyi yake ci daga gidansa zuwa masaukinsa, da kuma yadda jiki yake ɗaukar tafiyar. Wanda ya fahimci waɗannan zai iya karanta kowane tikiti, ko zuwa ina ne.

1. Nisa a doron ƙasa

Daga filin jirgin sama na Murtala Muhammed a Ikeja zuwa filin jirgin Atlanta kimanin kilomita 9,400 ne. Domin a gane girman wannan adadi, daga Legas zuwa Maiduguri a miƙe, ba ta hanyar mota ba, kimanin kilomita 1,200 ne. Ke nan tafiyar Atlanta ta kusa ninka wannan sau 8. Kewayen duniya gaba ɗaya kimanin kilomita 40,000 ne, saboda haka mai wannan tafiya ya kusa cin kashi ɗaya cikin huɗu na kewayen duniya a zama ɗaya.

Akan ga wannan nisa a rubuce da adadi dabam dabam, kuma duka daidai ne. Amurkawa da mil suke awo, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne, don haka za su ce mil 5,840. Matuƙan jirgi suna amfani da mil na teku, wanda yake mita 1,852, su kuma za su ce kimanin 5,070. Hanyar ɗaya ce, ma'aunin ne ya bambanta.

Akwai kuma abin da yakan ba fasinjoji mamaki. A allon da ke gaban kujera, hanyar jirgin takan bayyana a lanƙwashe kamar baka, har mutum ya yi tsammani zagaye ake yi da shi. Dalili shi ne duniya a dunƙule take kamar ƙwallo, taswira kuwa a shimfiɗe take. Irin taswirar da aka saba gani a bangon aji ta samo asali ne daga aikin Gerardus Mercator na shekarar 1569, kuma tana buɗa ƙasashen da ke can arewa da can kudu fiye da girmansu na gaskiya. Hanya mafi kusa tsakanin wurare biyu a kan ƙwallo ita ce wadda zare yake bi idan an ɗaure shi a wuri ɗaya aka ja shi sosai zuwa ɗayan. Iyali za su iya gwada wannan a gida da lemo ko ƙwarya da zare.

Idan aka ja zaren a kan ƙwallon duniya, zai bar Legas ya nufi arewa maso yamma, ya ratsa Jamhuriyar Benin, Togo, arewacin Ghana, Burkina Faso da Mali, ya bar Afirka ta gaɓar Mauritaniya. Daga nan zai ƙetare tekun Atlantika, ya wuce kusa da tsibirin Bermuda, ya shiga Amurka ta wajen jihohin Karolina kafin ya kai Atlanta.

Amma jirgi ba ya bin zaren nan sawu da ƙafa. Yakan kauce wa hadari, yakan bi umarnin masu kula da zirga-zirgar sama, kuma doka ta wajabta wa jirgi mai inji biyu kada ya yi nisa fiye da kima da filin da zai iya sauka idan matsala ta taso. A tekun Atlantika, filayen da ke tsibiran Kep Bad, Azores da Bermuda suna cikin waɗanda ake dogara da su. Siyasa ma takan ƙara nisa. Lokacin da Jamhuriyar Nijar ta rufe sararin samaniyarta a watan Agusta 2023, jirage masu zuwa Nijeriya daga Turai sun riƙa yin zagaye, tafiyar ta ƙara tsawo, man da ake sha ya ƙaru.

2. Awannin da jirgi yake yi a sama

Manyan jiragen fasinja suna tafiya a tsayin kilomita 10 zuwa 12 daga ƙasa, da gudun kilomita 850 zuwa 900 a awa ɗaya. Idan aka raba kilomita 9,400 da 880, za a sami awa 10 da minti 40. Duk da haka, tikitin zuwa Atlanta yakan nuna awa 12 zuwa 13, na dawowa Legas kuma kimanin awa 11. Abubuwa biyu ne suka kawo wannan bambanci.

Na farko, lokacin da kamfani yake rubutawa yana farawa ne daga sa'ad da jirgi ya ja da baya daga inda fasinjoji suka shiga, ya ƙare sa'ad da ya tsaya a inda za su fita. Ya haɗa da tafiya a ƙasa zuwa titin tashi, da jiran layi, da hawa, da sauka. A duk waɗannan matakai jirgi ba ya gudu da cikakken ƙarfinsa.

Na biyu shi ne iska. A can sama, daidai inda jirage suke bi, akwai wata iska mai ƙarfi da take kwarara kamar kogi daga yamma zuwa gabas. Bambancin zafi tsakanin tsakiyar duniya da ƙarshenta na arewa da na kudu, tare da juyawar duniya, su ne suke haifar da ita. Wani masanin yanayi ɗan ƙasar Japan, Wasaburo Oishi, yana cikin waɗanda suka fara gano ta a shekarun 1920, ta wurin sakin balan-balan yana bin tafiyarsu. Gudunta yakan wuce kilomita 150 a awa, a lokacin sanyi kuma yakan ninka haka.

Mai kwale-kwale a kogin Binuwai ya san wannan darasi. Gangarowa daga Yola zuwa Makurdi ruwa ne yake tura shi, komawa kuwa da ruwa yake kokawa, ko da yake nisan bai canza ba. Haka jirgin da ya nufi Amurka yake fuskantar iska, musamman a rabin hanyar da ke kusa da can, mai dawowa kuma iskar tana bayansa. A ɗauka, don misali, iskar ta rage masa kilomita 60 a awa a duk tsawon hanya. Gudunsa a kan ƙasa zai zama 820, tafiyar ta ci awa 11 da rabi. A dawowa gudun zai zama 940, tafiyar ta ci awa 10. Idan aka ƙara kimanin awa ɗaya ta tashi da sauka, sai a sami adadin da ke kan tikiti.

Ƙarfin wannan iska ya bayyana a fili a watan Fabrairu 2020, lokacin da wani jirgin British Airways ya taso daga New York ya isa Landan cikin awa 4 da minti 56, tafiyar da ta saba cin fiye da awa 6.

Wasu sukan ce juyawar duniya a ƙarƙashin jirgi ce take sa wata tafiya ta fi wata sauri. Ba haka ba ne. Iskar da ta lulluɓe duniya tana juyawa tare da ita, jirgin kuma a cikin iskar yake. Wanda ya jefa lemo sama a cikin motar da take gudu, a hannunsa lemon yake faɗowa, ba a kujerar baya ba.

3. Abin da agogo yake nunawa

A nan ne aka fi yin kuskure. Duniya tana juyawa sau ɗaya cikin awa 24, kewayenta kuma an kasa shi digiri 360, wato digiri 15 a kowace awa. Rana tana fitowa a gabas kafin yamma, saboda haka ƙasashen gabas suna gaba a lokaci. A taron da aka yi a birnin Washington a 1884, ƙasashe suka amince a fara ƙirga daga layin da ya ratsa Greenwich a Landan. Nijeriya tana gaba da wannan layi da awa 1 duk shekara. Atlanta tana baya da shi da awa 5. Ke nan tsakanin Legas da Atlanta akwai ratar awa 6.

Sai dai ratar ba ta tsaya haka duk shekara ba. Daga Lahadi ta biyu a watan Maris zuwa Lahadi ta farko a watan Nuwamba, yawancin jihohin Amurka, har da Jojiya, suna tura agogonsu gaba da awa ɗaya domin su more hasken rana. A waɗannan watanni ratar takan zama awa 5.

Ƙa'idar da ya kamata kowane iyali su riƙe ita ce: lokacin tashi da ke kan tikiti na garin da za a tashi ne, lokacin sauka kuma na garin da za a sauka ne. Ga misali. A ce tikitin watan Janairu ya nuna tashi daga Legas ƙarfe 11:00 na daren Litinin, sauka a Atlanta ƙarfe 5:30 na asubahin Talata. Mai kallo zai ce awa 6 da rabi ne kawai. Amma idan aka ƙara ratar awa 6, za a ga ƙarfe 5:30 a can ƙarfe 11:30 ne na safe a Nijeriya. Tafiyar awa 12 da rabi ce. Iyayen da suka zauna jiran waya da asuba za su shiga damuwa a banza, gama ɗansu yana tsakiyar teku a lokacin.

A dawowa abin yakan juya. A ce tashi daga Atlanta ƙarfe 6:00 na yamma, sauka a Legas ƙarfe 11:00 na safe washegari. A ido awa 17 ne, amma idan aka cire 6, saura 11. Saboda haka mai tafiya yamma ya ƙara ratar, mai tafiya gabas ya cire ta.

Akwai wasu tarkuna biyu. Tikiti da yawa suna amfani da agogon awa 24, inda 18:00 take nufin ƙarfe 6:00 na yamma, 06:00 kuma ƙarfe 6:00 na safe. Na biyu ya fi haɗari: idan tikiti ya ce 00:30 ranar Talata, wato minti 30 bayan tsakar daren Litinin. Matafiyi zai kasance a filin jirgi tun daren Litinin. Wanda ya jira daren Talata ya makara da kwana ɗaya cur. Haka kuma Amurkawa suna rubuta wata kafin rana, don haka 03/04 a wurinsu 4 ga Maris ne, ba 3 ga Afrilu ba. Matambayi ba ya ɓata. Duk inda aka yi shakka, a sa a rubuta sunan rana da sunan wata da kalmomi.

4. Daga ƙofar gida zuwa ƙofar masauki

Awannin jirgi sashe ne kawai na tafiyar. Mutumin da zai taso daga Jos zai yi awa 4 ko 5 a mota zuwa Abuja, ya yi kimanin awa 1 a jirgi zuwa Legas, ya kuma isa sashen jiragen ƙasashen waje aƙalla awa 3 kafin tashi. Da yake jiragen cikin gida sukan yi jinkiri, mai hankali yakan isa Legas da sauran lokaci mai yawa, wani ma yakan kwana. Bayan sauka a Amurka akwai layin jami'an shige da fice, da jiran kaya, da kwastan, waɗanda za su iya cin awa 1 ko 2. Wanda zai zarce zuwa wani gari, bisa al'ada yakan karɓi kayansa a filin da ya fara sauka ya sake miƙa su. Idan aka haɗa duka, tafiyar da aka ce awa 12 ce ta wuce kwana ɗaya.

Tikiti mai yada zango yakan fi araha, amma yana da nasa farashi. Daga Legas zuwa Landan kimanin kilomita 5,000 ne, awa 6 da rabi. Daga Landan zuwa Atlanta kimanin kilomita 6,800 ne, fiye da awa 9. Jimla kusan kilomita 11,800, ban da jira a tsakani. Wanda ya bi ta Doha a ƙasar Katar zai fara yin kimanin kilomita 5,500 zuwa gabas, sa'an nan ya juyo ya yi kusan 12,000 zuwa yamma, wato kusan ninki biyu na hanyar kai tsaye. Ga saurayi mai ƙarfi wannan ba wani abu ba ne. Ga tsohuwar da ba ta taɓa fita waje ba, ba ta kuma jin Turanci sosai, neman ƙofar jirgi na biyu a babban fili wahala ce ta gaske. Araha ba ta ado.

Kafin a sayi irin wannan tikiti, a tambaya ko ƙasar da za a yada zango tana bukatar bizar wucewa, a tabbata akwai aƙalla awa 2 zuwa 3 tsakanin jiragen biyu, a kuma tabbata duka tafiyar a kan tikiti ɗaya take. Idan tikiti ɗaya ne, jirgin farko ya makara, kamfani ne zai nema wa fasinja wani jirgi. Idan tikiti biyu ne dabam, asarar ta fasinja ce. Kamfanoni kuma suna ba tsofaffi da marasa ƙarfi keken guragu da mai rakiya idan an nema tun da wuri.

5. Yadda jiki yake ɗaukar tafiyar

Agogon hannu ana juya shi cikin daƙiƙa, agogon jiki ba haka ba. Mutumin da ya sauka a Atlanta zai ji barci tun da yamma, ya farka da tsakar dare, domin jikinsa yana bin lokacin gida. Akan ƙiyasta kimanin kwana ɗaya ga kowace awa ta rata kafin jiki ya daidaita, kuma yawancin mutane sun fi shan wuya idan sun yi gabas. Ɗalibin da zai fara karatu ko mai zuwa ganawar neman aiki gara ya isa da 'yan kwanaki a hannu. Fita cikin hasken rana da cin abinci a kan lokacin sabon wuri suna taimakawa.

Iskar cikin jirgi kamar ta kan dutse mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400 ce. Garin Jos yana kan kimanin mita 1,200 ne kawai. Ga mai lafiya wannan ba matsala ba ce, amma masu sikila, masu ciwon zuciya ko huhu, da waɗanda aka yi wa tiyata kwanan nan lalle su ga likita kafin tafiya. Mace mai ciki ita ma haka, gama kamfanoni da yawa ba sa ɗaukar wadda cikinta ya wuce mako 36. Iskar kuma a bushe take kamar ta hunturu, don haka a yawaita shan ruwa.

Dogon zama yana iya sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2007 ya nuna haɗarin yakan ninka biyu bayan zaman awa 4 ko fiye, ko da yake abin yakan sami kimanin mutum 1 ne cikin 6,000. Rigakafi ya fi magani: a riƙa motsa ƙafafu, a tashi a taka lokaci lokaci, a sa tufafi marasa matsewa. Idan bayan tafiya ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya yi wuya, a je asibiti nan da nan. Masu ciwon sukari da masu hawan jini su riƙe magungunansu a jakar hannu, su kuma tambayi likita yadda za su daidaita lokacin sha da sabon agogo.

Kammalawa

Jiragen sama na farko da suka zo Nijeriya sun sauka a Kano a watan Nuwamba 1925, bayan tafiyar kwanaki daga ƙasar Masar. A 1927 Charles Lindbergh ya yi awa 33 da rabi shi kaɗai daga New York zuwa Paris. Har zuwa farkon shekarun 1970 ɗalibai da ma'aikata suna yin kimanin mako biyu a jirgin ruwa daga Legas zuwa Liverpool. Yau ana barin Legas da dare a karya kumallo a Amurka, akwai ma jirgin da yake tashi daga Singapore zuwa New York, fiye da kilomita 15,000, cikin awa 18 da wani abu ba tare da ya sauka ba.

Sauri ya rage kwanakin tafiya, amma bai rage nisan ba, bai kuma ɗauke bukatar shiri ba. Kafin wani a gida ya kama hanya, iyali su zauna tare da tikitin a gabansu. A rubuta ranar tashi da lokacinta da kalmomi. A rubuta lokacin sauka sau biyu, na can da na gida. A aika wa mai tarya lambar jirgin da lokacin garinsa, matafiyi kuma ya riƙe adireshi da lambar wayar masaukinsa a takarda, ba a cikin waya kaɗai ba. Aikin minti 15 ne, amma yana iya ceton kuɗin shekara guda, ya kuma ba waɗanda suka rage a gida kwanciyar rai har su ji muryar nasu.

Tambayoyi Domin Tattaunawa a Gida

1. Me ya sa hanyar jirgi take bayyana a lanƙwashe a kan taswira? A gwada da lemo da zare.
2. Me ya sa zuwa Atlanta ya fi dawowa Legas cin lokaci?
3. Jirgi ya tashi daga Legas ƙarfe 10:00 na dare a watan Yuli, ya yi awa 12 da rabi. Ƙarfe nawa zai sauka a agogon Atlanta? Ƙarfe nawa ne lokacin a Nijeriya?
4. Tikiti ya nuna 00:45 ranar Jumma'a. Wace rana matafiyi zai tafi filin jirgi?
5. Waɗanne abubuwa ne iyali za su auna kafin su saya wa tsoho tikiti mai yada zango?